Tambarin wani a cikin tallarka

Kuskuren da masu shirya talla suka fi yi shi ne zaton cewa tunda kayan na ainihi ne, kuma da kuɗinsu suka saya, suna iya sa shi a talla yadda suka ga dama. Wanda ya sayi Coca-Cola ya mallaki kwalba da lemon da ke ciki, amma suna da tambari suna hannun kamfani.

Abin da kotu ta fi dubawa shi ne ko mai kallo zai ɗauka akwai alaƙa tsakaninka da mai tambarin. Mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yana iya rubuta "Muna gyaran Tecno da Samsung", domin aikinsa ya faɗa. Ranar da ya kafa tambarin Samsung ƙato a allon shago, ya shafe bango da shuɗin kamfanin, ya ƙara da "wakilinmu na hukuma", to ya yi sojan gona. Haka mai turaren da ke ɗura nasa haɗin a kwalba ya manna sunan Dior. Rubuta "mai kama da" a ƙasa da ƙananan haruffa ba lallai ya cece shi ba, tunda da sunan ya jawo mai saye.

A Najeriya dokar alamun kasuwanci ta 1965 ce ke aiki, kuma Babbar Kotun Tarayya ke jin ƙarar keta alama mai rajista. Rajistar farko shekara 7 ce, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Rashin rajista bai sa alama ta zama ta kowa ba, mai ita yana iya ƙara a kan sojan gona idan ya nuna jama'a sun san shi da ita. Nijar kuwa tana ƙarƙashin OAPI, hukumar rajistar alamun kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, inda rajista ke yin shekara 10, don haka izinin da aka ba ka na Najeriya bai kai ka Maraɗi ba.

Yawanci takardar lauya ce ke fara zuwa, da wa'adin 'yan kwanaki a sauke talla. Idan aka kai kotu, ana iya hana tallar, a ci ka diyya ko a karɓe ribar da ka samu, a kwashe allo da kwalaye. Facebook da Instagram ba sa jiran kotu: koke ɗaya ya isa a cire hoto, idan ya yawaita a rufe shafin da aka yi shekaru ana tara mabiya. Ga kuma ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, wadda dokar 2022 ta ba ikon tantance talla kafin ta fita.

Kafin a kunna kyamara, a duba duk abin da ke cikin hoto: dunƙulen Maggi a kan tebur, rigar mai talla, motar da ke baya. A juya tambari ko a rufe shi. Kada a ɗauko hoto daga shafin kamfani, domin hoton ma yana da haƙƙin mallaka nasa daban. Idan dole sai da tambarin, a nemi izini a rubuce daga mai shi, da wa'adi, da ƙasa, da kafar da za a sa tallar. Amincewar baki daga dila ba ta da amfani a kotu, don shi ma kaya aka ba shi ya sayar.