Tsofaffin Jiragen Yaƙin Tarayyar Sobiyet a Monino

A garin Monino, kimanin kilomita 40 gabas da birnin Mosko, akwai gidan tarihin rundunar sojin saman Rasha, wanda aka kafa a shekarar 1958, kuma a ganina babu abin da ya kai jirgi mai saukar ungulu samfurin Mil V-12 ɗaukar hankali a cikinsa. Shi ne mafi girman irinsa da aka taɓa ƙerawa a duniya, yana da manyan farfeloli biyu, ɗaya a ƙarshen kowane fiffike, kuma a shekarar 1969 ya tashi da kaya masu nauyin fiye da tan 40. Duk da wannan bajinta, guda biyu kacal aka ƙera kafin a yi watsi da shirin.

Akwai kuma Sukhoi T-4 da ya fara tashi a 1972, da Tu-95 mai jefa bamabamai, wanda har yanzu sojojin Rasha ke amfani da ire-irensa. Abin da ke damuna shi ne, yawancin waɗannan jirage a fili suke ajiye, ruwan sama da dusar ƙanƙara suna cin fentinsu kowace shekara.