Asabar, Bayan La'asar

Yau ƙungiyarmu ta karatu ta zauna a inuwar darbejiya a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, muka ci gaba da The Jungle, littafin da Upton Sinclair ya fitar a 1906 bayan ya shafe makonni bakwai yana shiga mayankan Chikago ta Amurka. Kwafi ɗaya ne a hannunmu, saura kowa yana bi a wayarsa.

Mun daɗe a kan tsohon nan, mahaifin Jurgis jarumin labarin, wanda ya samu aiki a ɗakin da ake jiƙa nama cikin ruwan gishiri da sinadari, yana tsaye a jiƙe tun safe har ruwan ya cinye takalmansa ya kama ƙafafunsa, ga tari yana cin ƙirjinsa, bai kuma daina zuwa ba sai da ya faɗi. Jurgis kansa, ƙato majiyi ƙarfi, targaɗe ne ya kwantar da shi, kafin ya miƙe an ba wani gurbinsa.

Wani ɗan aji huɗu ya ce littafin ya yi nasara, tunda a shekarar da ya fito Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar duba nama da ta tsaftar abinci da magunguna. Ban yarda da shi ba. Dokokin nan sun kare mai sayen nama ne, amma leburan da ke yanka shi an bar shi inda yake, Sinclair ma ya koka cewa zuciyar jama'a ya nufa, sai ya same su a tumbi.

Nan ne wata ƙanwarmu 'yar Sharaɗa ta ce, "Yaya, ai ba sai mun je Chikago ba." Ta ba mu labarin wanta da ke aikin wucin gadi a wata majema, yadda sinadarin jima ya tsattsage masa tafin hannu har ba ya iya damƙar loma da kyau, babu safar hannu, babu takardar ɗaukar aiki, ranar da bai je ba kuma babu ko sisi. Maganarta ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Mun yanke cewa Asabar mai zuwa za mu ajiye littafin, mu karanta Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda ta haɗa har da masu aikin wucin gadi, ita kuma za ta roƙi wan nata ya zo ya zauna da mu idan ya tashi daga aiki da wuri.