Bututun wankin kwanon rufi ya daina toshewa

Jama'a, alhamdulillahi! Ruwan saman daren jiya da na tara daga kwanon rufi ya shiga tankina garau, babu jan nan na laka, kuma da na leƙa duron da ke karɓar dattin ruwan farko da hantsi, na tarar ya tsiyaye da kansa. Na daɗe ina jiran ganin haka.

Masu bin aikin nan sun san inda na maƙale. Ruwan farko da ke wanke kwano, da ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da tsatsa, shi nake karkatarwa zuwa duro mai lita 60 kafin ƙwallon roba ya taso ya toshe wuyan bututu, sauran ya wuce tanki. Ƙwallon bai taɓa ba ni matsala ba. Ramin tsiyayar da ke gindin duron ne ya hana ni sakat. In na huda shi ƙarami, laka ta like shi, duro ya kwana cike, ruwa na gaba ya kwashi dattinsa kai tsaye zuwa tanki. In na faɗaɗa, yayyafi ba ya cika duron, ƙwallo ba ya tashi, tanki ya tashi a tutar babu. Na sa soso, ya cushe. Na sa ƙyalle, ya ruɓe. Akwai ranar da na tsaya cikin ruwa ina zungurar ramin da tsinke, raina a ɓace ƙwarai.

Abin da ya yi aiki: na toshe ramin gindi gaba ɗaya, na huda wani a gefe, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Laka tana kwanciya ƙarƙashinsa, ba ta kai masa. Ta ciki na naɗe bakin da ragar gidan sauro ninki biyu, ta waje na sa ƙaramin kan famfo da siririn tiyo zuwa kwamin kabeji da latas, don ko wannan gurɓataccen ruwan bai tafi a banza ba. A gindi kuma murfi mai zare, in kwance in zubar da lakar. Kan famfon da mahaɗan bututun da gam sun ci kusan kuɗin buhun siminti, abin ya yi min zafi, amma ya fi kiran 'yan garuwa.

Ku yi lissafin naku kwanon. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Jos, inda nake, tana samun kusan milimita 1,400 a shekara, galibi daga Afrilu zuwa Oktoba. Ɓangaren kwanon da na haɗa wa indararo murabba'in mita 50 ne, wato kusan lita 70,000 ke gangarowa daga kansa, tankina kuwa 2,000 kacal yake ɗauka. Abin da ke damuna ke nan. Yanzu ruwan sai ya zo da ƙarfi lokaci guda, ya bi kwata zuwa kogin Dilimi, sannan a yi kwanaki ana kallon sama. Wanda ya ga ambaliyar unguwannin Rikkos da Gangare a 2012 ya san ƙarfinsa, amma Maris na yi rijiyoyin unguwarmu sai guga ya dawo da laka.

Don haka rarar tanki ce aiki na gaba. Na fara haƙa rami a bayan gida da zan cika da tsakuwa ruwan ya nutse, nesa da masai da harsashin gini, sai ga dutse tun ban kai gwiwa ba. Wanda ya taɓa yin irinsa a ƙasa mai duwatsu kamar tamu, don Allah ya faɗa min ko rami mai faɗi maras zurfi zai wadatar.