Lambar tsaron da ban nema ba da firintar da ta ƙi aiki

Ina da ƙaramin shagon buga takardu a unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗalibai ne na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Kwamfuta biyu gare ni da firinta ɗaya. Firintar tana haɗe da babbar kwamfutar da kebul, ita kuwa ƙaramar, wadda ɗan 'yar'uwata ke aiki a kanta, sai ta bi ta cikin babbar kafin aikinta ya kai ga firinta. Da na riƙe wannan tsari a zuciyata tun farko, da ban yi asarar yini guda ba.

Wani dare bayan sallar isha'i, saƙon imel ya shigo wayata ɗauke da lambar tsaro ta shiga asusun da nake buɗe Windows da shi, alhali ban nemi wata lamba ba. Gabana ya faɗi, domin a cikin asusun nan ne takardun mutane suke. Ban taɓa komai a cikin saƙon ba. Na buɗe shafin asusun da kaina, na shiga sashen da ke nuna yunƙurin shiga na kwana 30 da suka wuce, na tarar da gwaje-gwaje da dama daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba, kuma babu wanda ya yi nasara. Nan take na sauya kalmar sirri, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da ke neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, na kwanta.

Irin wannan saƙo ba ya nufin an riga an shiga asusun mutum. Wani lokaci wani ne ya yi kuskuren rubuta adireshinka maimakon nasa, wani lokaci kuma 'yan kutse ne ke gwada adiresoshin da suka samo daga bayanan da aka sace a wasu shafuka. A wasu kamfanonin, sanin adireshi kaɗai ya isa a turo lambar, a wasu kuwa ba a turo ta sai an sa kalmar sirri daidai, shi ya sa sauya kalmar ba ɓata lokaci ba ne. Lambar dai tana lalacewa bayan ɗan lokaci kaɗan, kuma muddin ba ka karanta wa kowa ita ba, mai gwajin yana nan a bakin ƙofa.

Washegari da safe babbar kwamfutar ta nemi sabuwar kalmar, na sa mata. Na tura aikin wata ɗaliba mai shafi 64, an buga kamar shafi goma sai aka ɗauke wuta. Da muka tada janareto, firinta ta kunna, koriyar fitilarta na ci, amma ko motsi ba ta yi ba. Can kuma yaron ya ɗago kai ya ce, "Kawu, nan ma ta ƙiya." Sai zuciyata ta haɗa biyu da biyu ba tare da shawara da ni ba: jiya an taɓa asusuna, yau firinta ta mutu a kwamfuta biyu, to lalle an shigo mini.

A kan wannan zato na kashe awa uku ina binciken ƙwayar cutar kwamfuta, kuma binciken bai gano komai ba. Na koma intanet, inda na yi ta cin karo da shawarwari kan kuskure mai lamba 0x0000011b, wanda ya addabi masu raba firinta tsakanin kwamfutoci bayan sabuntawar tsaro ta watan Satumba 2021. Maganin da ake bayarwa shi ne a kashe wata kariya a cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunansa, kuma saura ƙiris in yi, sai na lura cewa lambar nan ba ta taɓa fitowa a allona ba. Akwai kuma shafukan da ke tallar manhajar kyauta ta gyaran direba, wato shirin da ke sa kwamfuta ta iya magana da firinta, da masu ba da lambar waya cewa a kira su su shiga kwamfutar daga nesa su gyara. Mutumin da ya firgita da tsoron ɓarawo shi ne ya fi saurin miƙa wa irin waɗannan mabuɗin gidansa, kuma a ranar ban yi nisa da zama shi ba.

Bayan azahar, da ɗalibar ta karɓi filashinta ta tafi wani shagon, sai na natsu na fara daga inda ya kamata. Na zare kebul, na danna maɓallan firintar don ta buga shafin gwaji da kanta, ba tare da kwamfuta ba. Takarda ta fito tsaf, baƙi ya kama sosai, babu zane babu dishi-dishi. Ke nan injin lafiya lau yake, ba ƙurar hunturu ba ce, ba tawada ba ce. Na mayar da kebul na buɗe layin ayyukan da ke jiran bugu, sai ga aikin ɗalibar a saman layi ya maƙale, ga wasu guda bakwai a bayansa, duk ni ne na yi ta turawa cikin fushi. Na ce a goge shi, ya rubuta cewa yana gogewa, ya tsaya a haka.

Ɗaukewar wuta ce ta yanke aikin a tsakiya, fayil ɗinsa ya lalace, ya tare hanya kamar motar da ta mutu a bakin gada. Na rubuta services.msc a wurin bincike na Windows don buɗe jerin sassan da ke aiki a bayan fage, na tsayar da sashen da ake kira Print Spooler, wanda shi ke jera ayyukan bugu, na shiga jakar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS na share fayilolin da ke cikinta ba tare da taɓa jakar kanta ba, sannan na sake tada sashen. Shafin farko da na tura ya fita kafin in juya kujera. Aikin bai kai minti biyar ba.

Ƙaramar kwamfutar kuwa ta ci gaba da ƙi, kuma saƙonta daban ne, wanda da na karanta shi da kyau tun safe da na gane: an hana ta izinin shiga ne. A nan saƙon daren jiya ya shigo cikin maganar, amma ba ta hanyar da na zata ba. Tun ranar da na haɗa kwamfutocin biyu, da sunan asusuna da tsohuwar kalmar sirrina ƙaramar ke gabatar da kanta ga babbar, kuma Windows ya adana su a ma'ajiyar kalmomin shiga da ake kira Credential Manager. Da na sauya kalmar, ƙaramar ta ci gaba da miƙa tsohuwar, babbar kuma tana mayar da ita. Wanda ya rufe wa yaron ƙofa ba wani ɗan kutse ba ne, ni ne da hannuna.

Na goge tsohon bayanin daga ma'ajiyar, amma ban sa sabuwar kalmata a wurin ba, domin na ga wautar barin mabuɗin imel ɗina a kwamfutar da kowane kwastoma ke soka wa filashi. Na buɗe wani ƙaramin asusu a kan babbar kwamfutar, wanda ba shi da alaƙa da imel kuma ba shi da ikon sauya komai, na ba shi izinin bugu kawai, na haɗa ƙaramar da shi. Yaron ya tura takardar neman aiki ta wani dattijo da ya zauna yana jiranmu tun la'asar, ta fito, muka ba shi haƙuri, na ce kada a karɓi kuɗinsa.