Na kama ɗan ƙanwata yana kwaɓa taba da zuma

Asabar ɗin da ta wuce na je duba ƙanwata, ban same ta ba, sai ɗanta na biyu da ya gama bautar ƙasa bara yake zaman jiran aiki. Tun daga zaure hancina ya ba ni labari. Rabona da taba tun 2011, amma ƙaurin nan ko cikin barci aka busa mini shi sai na farka.

Na iske shi a bayan ɗakinsa ya baje faranti a kan tabarma. Ga waya jingine da bango, wani Bature yana ta zuba a YouTube. Ga gwangwanin taba biyu a buɗe, ga kwalbar zuma, ga ƙullin kanumfari, ga lofe sabo fil ko baƙi bai yi ba. Ya zabura ya durƙusa. "Kawu, wallahi ba sigari ba ce. Wannan daban take."

Da zan yi abin da ya kamaci kawu, da salati na fara. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne: "Kai, wa ya ce maka ana zuba wa tabar Bajiniya zuma?" Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Yaron ya ɗago yana kallona da wani irin girmamawa da ban taɓa gani a idonsa ba, ni kuma na ji kunya ta rufe ni.

"Wannan daban take." Kalmar da na gaya wa mahaifinmu ke nan a 1985, Allah Ya jiƙansa. Batijjane ne, a wurinsu taba ba ta da wata kwana-kwana, bari ake yi. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in daina zama a kan buzunsa.

A Ingila na koyo ta, a 1983, lokacin da aka tura mu kwas. Sanyi, kewar gida, ga wani malaminmu tsoho da ba ya amsa tambaya sai ya cusa taba a lofe, ya ƙyasta ashana, ya ja sau uku. Ni ɗan shekara 24, gani nake hikimar a cikin lofen take. A gida ai na san lofe. Kakata ta wajen uwa tana da na yumɓu, tsofaffin ƙauyenmu kuma taba gari suke cusawa a leɓe da 'yar kanwa. A idona wancan ƙauyanci ne, wannan kuwa ilimi. Ganye ɗaya ne, amma sai da na kwashe shekara 28 kafin in yarda.

Kuma gaskiya akwai ilimin a ciki, ba zan ƙaryata kaina ba. Mai shagon da nake zuwa ya koya mini ganye ɗaya bayan ɗaya. Bajiniya ita ce gindin haɗi, da zafin rumbu ake busar da ita, shi ya sa sukarinta yake zama a jiki, tana da zaƙi amma tana ci da wuta, in ka ja da gaggawa ta ƙona maka harshe. Barli a iska ake shanya ta, ba ta da sukari sosai, tana da ƙarfi, kuma duk ƙamshin da aka zuba mata shanyewa take. Ta Turkiyya ƙananan ganye ne da rana ta busar, irin na Izmir da Samsun. Latakiya ta samo sunanta daga tashar jirgin ruwa ta Siriya, daga baya aikinta ya koma tsibirin Kubrus, turara ta ake yi da hayaƙin itatuwa har ta yi baƙi ƙirin, warinta kamar bukkar da aka kwana ana hura wuta. Sai Ferik, wadda ake yi a wani ɗan yanki na Luwiziyana a Amurka, a danne ganye cikin gangar katako ya tsima a ruwan jikinsa kusan shekara guda. Ita yaji ce, ba tuwo ba. A Landan har na je na ga shagon Dunhill da aka buɗe a 1907, inda a lokacin suke da kundin da ake rubuta haɗin kowane mai saye da lambarsa, haɗi mai lamba 965 har ya yi suna a duniya. Ranar na sayi littafin rubutu mai baƙin bango na ce ni ma zan buɗe nawa.

Wannan kundin ne ya ɗaure ni. Mai shan sigari ya san bawa ne, yana ɓuya, yana tauna goro ya kashe wari, kullum yana cewa bayan azumi zai bari. Ni kuwa ina da sikeli, ina da kwalabe da lambobi, ina da ra'ayi. Wa zai ce wa mai bincike ya bar bincikensa? Duk ran da ƙirjina ya yi nauyi sai in ce haɗin ne bai yi ba, bari in rage Latakiya. Duk ran da harshe ya ɗaye sai in ce danshi ne ya yi yawa. Laifin bai taɓa zama na taba ba, kullum na haɗin jiya ne, maganinsa kuma haɗin gobe.

Shirmen da na tafka kuwa ba ya ƙirguwa. Na dawo gida da gwangwanaye, hunturu ya sauka, cikin mako guda taba ta zama kamar dusa. Wani ya ce in saka yankan tuffa a kwalba. Na saka, na manta, damina ta same shi, na buɗe na tarar da fumfuna fari fat kamar auduga, rabin kilo ya tafi bola. Na gwada zuma, kamar yadda yaron nan yake yi. Zuma a wuta ƙonewa take, ta cika gindin lofe da kwaɓaɓɓen ruwa mai ɗaci, harshe kuma ya yi kwana uku bai san gishiri ba. Na ɗiga ruwan wardi a wani haɗi, ƙamshin ya kama katakon lofen da na fi so, bai sake shi ba har abada, duk abin da na zuba a ciki sai ya fito da warin ɗakin amarya. Na danne taba tsakanin katako biyu da jak ɗin motata na mako biyu don in yi curi irin na Turawa, taya ta fashe mini a hanyar Zariya ba jak.

Wanda ya kusa kai ni lahira shi ne na kishin ƙasa. Na ce don me zan dogara da ganyen Turawa alhali ana noman taba a ƙasarmu? Na sayo ta kasuwa, na gauraya da Ferik, har na barbaɗa 'yar kanwa irin yadda na ga tsofaffi suna yi. Ban san kanwa sakin nikotin take ya shiga jini da sauri ba. Kafin in kai rabin lofe shaƙuwa ta kama ni, gumi mai sanyi ya karyo, ɗaki ya fara juyawa. Uwargida ta same ni kwance a tsakar gida ina amai, ta ɗauka gamo na yi. Da na warware me na yi? Na ɗauko kundi na rubuta: lamba 9, a cire kanwa.

Amma lamba 14 ta yi. Allah Ya yafe mini, har yau in na tuna ta sai yawu ya tsinke mini. Ba zan rubuta ma'auninta a nan ba. Watanni uku take yi a kwalba kafin ganyayyakin su saba da juna, in ka buɗe sai ka ji kamar busasshen dabino da hayaƙin kirya. Ban taɓa yin wani abu da hannuna da ya kai ta kyau ba, ni da na yi shekara 35 ina aikin ofis ina sa hannu a takardun da ban tuna ko ɗaya ba. Wataƙila shi ya sa. Mutum yana son ya ce ga abin da na iya. Ban sha giya ba, ban yi caca ba, ban bi mata ba, iyalina ba su kwana da yunwa ba.

To, ba su kwana da yunwa ba, amma bayan 1986 da naira ta fara zubewa, albashi ya zama abin dariya, ban fasa roƙon duk mai tafiya Landan ya riƙo mini gwangwani ba. Akwai shekarar da aka jinkirta wa 'yata ta fari kuɗin makaranta mako uku. Ita ce kuma mai tarin da ba ya jin magani, a falon da nake zama da dare ina busa "ƙamshi". Da azumi, dabino ɗaya nake jefawa in kurɓi ruwa in nufi bayan gida da lofe, sallar magariba ma a gaggauce.

Babbar ƙaryar da na rayu a kanta ita ce ba na haɗiyar hayaƙi, a baki nake juya shi in fesar. To bakin fa, na aro ne? Nikotin ta fatar baki yake shiga, abin da ke kawo ciwon daji kuma a kan leɓe da harshe da maƙogwaro yake sauka. A 2009 likitan haƙori ya ga wani farin tabo a gefen harshena, daidai inda bakin lofe yake zama, wanda ba ya kankaruwa. Aka yanki tsoka aka kai gwaji. Kwana 12 na yi ina jiran sakamako, na rubuta wasiyya, na biya basussukan da na manta. Ya fito ba kansa ba ce tukuna. Ko kun san sai da na ƙara shekara biyu ina sha? Haƙora biyar na bari a wannan hanya.

A hanyar komawa gida ranar Asabar na shirya wa yaron nan nasiha har guda goma. Da na zauna rubutawa sai na ga yawancinsu darasin haɗi ne na sa musu rawani.

Abin da ya rage ke nan. Kada ka fara. In ka fara, kada ka iya, domin wanda ya ƙona harshe da zuma ya yi tsaki ya jefar ya tsira, gwani shi ne ke daɗewa. Da na bar ka ka zuba zumar nan, da yanzu an wuce wurin. Bakina ne ya yi sauri.

In kuma ka ƙi ji, ka rabu da kanwa, kuma duk tabar da ta yi fumfuna zubar da ita ake yi, ba a tsince ta. Kada ka sha kusa da mahaifiyarka. Duk tabon da ya wuce mako biyu a bakinka bai warke ba, ka kai wa likita. Ga shi nan kuma na koma koyarwa.

Abin da ke ƙona mini rai da ku yaran yanzu, ba ku da uzurin da muke da shi. Mu mun taso ana tallar sigari a rediyo da allunan kan titi. Ku kuwa hoton ruɓaɓɓen jiki ne a kan kwali, akwai dokar taba tun 2015, wayar da kake kallon Baturen nan da ita za ta nuna maka harshen da aka yanke cikin minti ɗaya. Jiya shisha ce mai warin alewa, yau lofe, don a ɗauki hoto a saka a Instagram a ce wane ya waye. Ko haƙurin barin taba ta kwana uku a kwalba ba ku da shi. Ko da yake wannan ma alheri ne, ban san me ya sa nake jin haushinsa ba. Kuma in za a bi gaskiya, uzurin namu ma na ƙarya ne, a 1983 akwai gargaɗin lafiya a jikin kwalin sigari a Ingila, da idona na karanta.

Jiya da daddare ya turo mini saƙo. Ya ce Umma ta gaya masa ina da wani littafi mai baƙin bango, ko zan ara masa ya duba kawai. Na ce masa na ƙona shi tun 2011.

Yana nan a ƙasan akwati, ƙarƙashin takardun fansho. Na ɗauko shi bayan kowa ya kwanta, ban buɗe ba, na dai kai shi hanci.