Wane kifi zai zauna da wane a akwatin gilashi, a zafin Garwa da Njamena

A wurin mai sayar da kifin ado za ka ga akwati ɗaya cike da kala-kala, ja da baƙi da mai zane, suna ta yawo lami lafiya. Dukansu 'ya'ya ne, tsawon yatsa, kuma kwana kaɗan za su yi tare kafin a saye su. Sai sun yi wata biyar ko shida a gidanka, kowa ya kai girmansa, sannan hali zai fito. Lokacin ne ake ƙirga kifi da safe a tarar ya ragu.

A yankinmu, kafin a zo maganar faɗa, zafi ne ke fara raba kifi. A Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, watan Maris da Afrilu zafin rana yana kaiwa digiri 40, kuma ruwan akwatin da ke ɗaki mai rufin kwano yakan haura 30. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne kawai, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Idan ka ga kifi sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu roƙo, ba yunwa ba ce, numfashi ne ya gaza. Shi ya sa jan kifin nan da masu sayarwa ke kira puwason ruj bai dace da ƙananan kifin ado irin su gupi ko moli ba. Shi ɗan ruwan sanyi ne, digiri 18 zuwa 22 yake so, ga yawan kashi, ga shi yana kai santimita 20 ko fiye, ya dinga tsince 'ya'yan gupi ɗaya bayan ɗaya. A Ngaundare, da ke kan tudu sama da mita 1,000, zai fi jin daɗi, amma ko can ma shi da 'yan'uwansa kawai. Niyon, ƙaramin nan mai shuɗin layi ɗan Amazon, shi ma ba ya son ruwa ya wuce 26. Kyakkyawa ne, amma a Njamena ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, asarar kuɗi ce.

Masu jure zafinmu su ne gupi, moli, gurami, skaler, da beta wanda ake kira kombatan. Beta da gurami suna da wata gaɓa da ke ba su damar shaƙar iska daga saman ruwa, don haka idan an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, su ne na ƙarshen galabaita. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, sauyin gaggawa ya fi zafin kansa illa. Da hunturu kuma abin juyawa yake yi: daren Disamba da Janairu ruwa ya yi sanyi, sai fararen ɗige-ɗige kamar gishiri su fito a jikin kifi. Ƙaramar hita da aka saita a digiri 25 tana rage wannan.

Sai baki. Duk abin da ya shiga bakin kifi abincinsa ne, ko da tare suka girma. Skaler yana ƙarami ba ruwansa da kowa, amma idan ya kai santimita 15 niyon ya zama abin karin kumallonsa. Kifin da ake kira oskar yana wuce santimita 30, sa shi da ƙananan kifi ba kura ajiyar nama ne. Haka wanda ake sayar maka da sunan mai wanke gilashi: pleko na gama-gari yana kai santimita 40 zuwa 50, kuma idan ya girma yakan manne a jikin kifi mai sanyin tafiya da dare ya tsotse yauƙin fatarsa. Nemi ansistrus, ƙaramin mai wanke gilashi wanda ke tsayawa a santimita 12 zuwa 15. Tambaya ɗaya ce ke da amfani a gaban mai shago, ita ce ina wannan kifi yake tsayawa in ya gama girma.

Inda aka fi yin kuskure a nan shi ne kifin kogi. Binuwai na gefen Garwa, tafkin Lagdo ba nisa, Logon da Shari sun haɗu a Njamena, kuma yaro zai kawo maka ɗan kifi a gwangwani kusan kyauta. Ɗan tarwaɗa mai tsawon ɗan yatsa abin sha'awa ne, sai dai da dare yake farauta, kuma girmansa na gudu ne, cikin 'yan watanni zai share akwatin ya rage shi kaɗai. Karfasa tana haƙa rami a yashi, ta tumɓuke tsiro, in lokacin ƙwai ya zo ta kori kowa zuwa lungu. Minjirya ba a ma maganarta, wutar babbarta tana kai bolt 300. Talibambam, wanda Turawa ke saye da tsada saboda zanensa, yana kai santimita 40 kuma haƙoransa na fasa katantanwa ne, cizo ɗaya ya cire wa maƙwabci jela. Shi kaɗai ake ajiye shi. Ƙurungu ne mai ɗan dama-dama: yana zama da kifi matsakaita idan akwatin ya kai lita 200 kuma an sa masa bututu ko fasasshen tulu ya ɓuya. A kula da ƙayarsa, tana maƙalewa a raga, gara a kama shi da kofi. Mai son kifin kogunanmu ya yi musu akwatinsu daban, don ban da faɗa, kifin kogi yana zuwa da tsutsa da ƙwarƙwatar kifi waɗanda na shago ba su saba da su ba.

Akwai kuma faɗan da adadi ke jawowa. Barbus ɗan Sumatra, mai baƙaƙen zane huɗu, idan biyu ko uku ne sai ya koma cizon jelar wasu. Idan sun kai takwas suna shagala da junansu. Duk da haka kada a haɗa shi da beta, skaler ko namijin gupi, doguwar jela a wurinsa tsokana ce. Beta namiji ɗaya tak a akwati. Gupi da moli kuwa, namiji ɗaya mata biyu ko uku, in ba haka ba mazan za su bi mace har ta rame. Kuma gupi tana haihuwa kusan kowane wata, 'ya'ya 20 zuwa 50, don haka wanda ba shi da inda zai kai su ya sayi maza zalla. Koridoras, ƙananan masu tsintar ƙasa, shida ake sa su, a kan yashi mai laushi, tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Kifayen tafkin Malawi da ake kira siklid duniyarsu daban ce, duwatsu da yawa, da yawansu abincin ganye, ba baƙo.

Ruwan ma yana da nasa zaɓi. Duba cikin tukunyar da ake tafasa ruwa a gidanku: idan farin ɓawo yana taruwa, ruwanku mai nauyi ne, gupi da moli da 'yan Malawi za su ji daɗinsa, niyon ba zai so ba. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe a bokiti saboda kulorin, ko a sa maganinsa.

Ga misali. Akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40 yana ɗaukar lita 112, a cire yashi da duwatsu ya rage kusan 95. Gupi tara, uku maza shida mata, gurami ɗaya, ansistrus ɗaya, sun ishe shi a zafinmu. Ba rana ɗaya ake zuba su ba. Matatar ruwa tana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin da ke narkar da gubar kashin kifi su kafu, don haka a fara da gupi uku, a riƙa ƙari duk bayan mako biyu, mai rigima ya zo ƙarshe. Sabon kifi ya yi mako biyu zuwa uku a wani ƙaramin akwati tukuna. Ranar shigar da shi, a bar ledar da yake ciki a kan ruwa minti ashirin, a ɗan sauya wurin duwatsun don tsofaffin su manta iyakarsu, a kashe fitila. Washegari a duba jela da kusurwoyin sama. Kifin da ya maƙale bayan matata, launinsa ya dushe, ba ya fitowa cin abinci, ana dukansa ne, a fitar da shi ko mai dukan a ranar.