Daga Yamai zuwa Tawa da fentin ruwa

Kayan da na ɗauka daga Yamai a watan Janairu ba su cika jaka ba: takarda mai kauri ta giram 300 da aka yanka daidai A5, buroshi mai faɗi, buroshi mai tsini lamba 8, allon roba, gwangwani biyu, da launi huɗu, wato shuɗin ultramarin, rawayar okar, jan ƙasa na siyena da ruwan hoda. Takardar da ba ta kai wannan kauri ba takan kumbura da zarar ta sha ruwa, fenti ya kwanta a kwarin, sama ta fito da zane-zane.

A bakin kogin Kwara na fara, kusa da gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, lokacin da rana ke faɗuwa ta ɓangaren Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogin. Nan ne wahalar hunturu ke bayyana. Yawancin darussan fentin ruwa daga ƙasashe masu laima suka fito, inda takarda kan daɗe a jiƙe. A nan iska ta bushe ƙayau, kafin ka haɗa launi na biyu na farko ya kama. In ka koma kansa da buroshi mai ruwa, sai ruwan ya tura fentin gefe ya bar tabo mai baƙin baki, kuma ba ya gyaruwa. Maganinsa uku ne. A dama launukan duka a faranti tun kafin a taɓa takarda, a dama fiye da yadda ake zaton za a buƙata. A jiƙa takardar ciki da baya a manna ta a allon roba, don ruwan bayan ya riƙa ciyar da gaban. Sannan a zauna a inuwa, a ba iska baya, domin ƙura ma tana manne wa ɗanyen fenti.

Faɗuwar rana tana da nata tarkon. Rawaya a ƙasa, shuɗi a sama, in suka haɗu kai tsaye sai kore ya fito a tsakiyar sararin. Siririn ruwan hoda a tsakaninsu ke raba faɗan. Ana karkata allon kaɗan, a fara daga sama, kowane ja na buroshi ya ɗauki ruwan da ya taru a bakin na baya. Ƙyallin kogi kuwa sai an bari komai ya bushe, a matse buroshi ya kusa ƙafewa, a ja shi da sauri a kwance, farar takarda ta rage a tsakani.

Tafiyar Tawa ta haura kilomita 500, kuma a cikin kar, wato motar bas, ba a fenti. Fensir kawai ke aiki. Dosso ta wuce ban zana komai ba. A Dogon Dutsi ne ƙasa ta tashi, jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suka tsaya bayan gari. Na zana siffarsu, na rubuta launi a gefe: na kusa ja sosai, na nesa ruwan toka. Wannan ita ce ƙa'idar nisa, abin da ya yi nisa yakan koɗe ya karkata zuwa shuɗi, sai dai hazo na gaggauta ta. Bayan Birnin Ƙonni, a Tsarnawa, hanya ta karya arewa ta bi Malbaza mai kamfanin siminti da Badagishiri, ƙasar Adar ke nan.

A Tawa da safe sama ba shuɗiya ba ce, duk wanda ya shafa mata ultramarin zalla ya zana wata ƙasa daban. Abin da ya yi mini daidai shi ne okar da ruwa mai yawa a duk takardar, sannan tun tana ɗanya a sa toka a can sama, wadda aka haɗa da ultramarin kashi biyu da siyena kashi ɗaya. Rana a cikin hazo fara ce, don haka ba a fenta ta. A naɗe auduga a kan yatsa a danna sau ɗaya, fenti ya tashi. Fentin ruwa yakan ƙara haske in ya bushe, saboda haka a ɗan ƙarfafa shi fiye da yadda ido ke so.

Ruwan ma a kula da shi. Na rijiya in yana da laka yana kashe shuɗi, gara na leda. Gwangwani ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na damu, kada a gauraya su.

A bayan gari na tambayi wani dattijo, "Baba, ko zan iya zana rumbunan nan?" Ya ce, "Bismillah, ɗana." Rumbun ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da yake kai, inuwa ce kaɗai ke fid da shi: siyena da ɗan shuɗi a gefen da ba rana, a tausasa bakin da buroshi mai ruwa zalla don kumburin cikinsa ya fito. Gawon da ke kusa yana da ganye shar, domin shi da rani yake toho, ya zubar da damina. Korensa okar ne da ultramarin, a ɗiga da gefen buroshi, a bar ƙofofi sama ta leƙo, rassan kuma su zo daga ƙarshe da mai tsini.